Kurakuran da ke hana sababbin masu na'urar hangen nesa ganin duniyoyin sama

A 'yan shekarun nan na'urar hangen nesa ta fara shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Wani ya yo odarta ta intanet, wani kuma tsaraba aka kawo wa yaransa. Sai dai sau da yawa labarin iri ɗaya ne: a kafa ta a tsakar gida bayan sallar Isha'i, a leƙa a ga duhu ko wani farin dishi-dishi, bayan kwana biyu a mayar da ita kwali ana cewa an yi asarar kuɗi.

Galibi na'urar lafiyarta ƙalau, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Mazauna Funtuwa da Malumfashi da kewayensu ma suna da gatan da Turawa ba su da shi. Yankin yana wajen digiri 11 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka duniyoyin kan hau sama sosai, wani lokaci har kusa da tsakar ka, inda iskar da haskensu zai keta ba ta da kauri.

Ruɗin lambar da ke jikin kwali

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yin sa. Za ka ga an rubuta cewa na'urar tana ƙara girman abu sau 525. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: ana raba tsawon zangon hasken na'urar da lambar da ke jikin ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kai. Idan zangon milimita 700 ne, gilashi mai lamba 25 zai ba da ninki 28, mai lamba 10 ninki 70, mai lamba 4 kuma ninki 175. Idan aka ƙara bututun nan mai ninkawa sau uku, sai a samu 525.

Amma faɗin bakin na'urar ne ke yanke iyakar abin da za a gani. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada ninkin ya wuce faɗin bakin sau biyu a ma'aunin milimita. Ke nan mai baki 70 ba ta da amfani bayan ninki 140. Duk abin da ya haura haka duhu da dusashewa kawai yake ƙarawa. Saboda haka a fara da gilashi mai babbar lamba, sai an kama abin da ake nema sannan a sauya.

Saiti aikin rana ne

A gefen babban bututun akwai wani ƙaramin madubi na saiti. Wanda bai daidaita shi ba zai kwana yana lalube. Da la'asar sakaliya ake wannan aiki: a nufi wani abu mai nisa da ba ya motsi, kamar kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, a kawo shi tsakiyar babban bututun, sannan a murɗa kusoshin ƙaramin har shi ma ya nuna wuri ɗaya. Idan hasumiyar ta fito kai a ƙasa, kada a ce an sayo jabu. Haka yawancin waɗannan na'urori suke nunawa.

A nan akwai kashedi mafi girma. Kada a kuskura a juya na'urar wajen rana, ko da na ƙiftawar ido ne, domin tana tattara hasken ta ƙona ido nan take, kuma makantar ba ta warkewa. Baƙin tabarau ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi ba sa karewa. Kada a bar ta a tsakar gida da rana inda yara za su kai gare ta.

Wanda na'urarsa ke da mazauni mai ma'aunin digiri a gindi, ya duba ya mayar da shi kan 11 da rabi, ya fuskantar da shi arewa. Hotunan da ke cikin takardar bayani yawanci na ƙasashen da ke digiri 40 zuwa 50 ne.

Wace ce duniya, wane ne tauraro?

Tauraro yana ƙyaftawa, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Komai ƙarfin na'ura, tauraro ɗigon haske ne kawai. Sabon shiga kan murɗa abin daidaita gani har ɗigon ya kumbura ya zama faifai, wani lokaci da baƙin tabo a tsakiya, sai ya ɗauka a waya ya tura wa abokai cewa ga wata duniya. Alhali gani ne bai daidaita ba, baƙin tabon kuma inuwar ƙaramin madubin cikin bututun ce. Daidai shi ne inda hasken ya fi ƙanƙancewa da kaifi. Manhaja irin Stellarium tana nuna inda kowace duniya take a kowane dare.

Sai kuma dogon buri. Hotunan da ake gani a intanet kumbuna da manyan na'urori ne suka ɗauko su. A ƙaramar na'ura, Mushtari, wato Jupita, bai fi ƙwayar wake ba, da ratsi biyu a jikinsa da watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo ya gani a 1610. Zara matar wata, wadda idan ta fito da asuba ake kira Gamzaki, fara ce fat, amma tana da siffofi irin na wata, har takan zama kamar jinjirinsa. Zoben Zuhal kan bayyana daga ninki 30 zuwa 50, sai dai a Maris na 2025 ya juyo mana da gefensa, ya zama kamar zare, kuma sannu a hankali yake sake buɗewa. Marrihu, wato Mas, sai kusan kowane wata 26 yake matsowa kusa. A sauran lokuta jan ɗigo ne.

Wani kuma zai ce na'urarsa tana zamewa, domin da ya kira iyali su gani sai a tarar abin ya gudu. Juyawar ƙasarmu ce, digiri 15 a kowace awa. A ninki 100, cikin kimanin minti biyu duniyar za ta ratsa gilashin ta fice. Sai a riƙa bin ta a hankali.

Kwano, hazo da damina

Rufin kwano da daɓen siminti suna shan zafin rana su riƙa fitar da shi da dare. Wanda ya leƙa ta saman kwano, ko ta kan janareta ko murhu, zai ga duniyar tana rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. A kafa na'urar a kan ƙasa, a fito da ita minti 30 kafin a fara domin ta yi sanyi daidai da iskar waje, a kuma jira duniyar ta hau sama. Ba sai an ɗauke wuta ba; duniyoyi suna da hasken da fitilun gari ba sa dusashe shi.

Da damina gajimare ke rufe sama, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo kan yi kauri. Lokaci mafi dacewa shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ake girbin masara da dawa, kafin ƙurar hunturu da hayaƙin ƙona gonaki su turnuƙe. Ƙurar nan kuwa tana da kaifi. Goge gilashi da bakin riga ko hular kai yana karce shi har abada. A hure ƙurar da 'yar robar hura iska, a rufe bakin na'urar da zarar an gama.

Haƙƙin maƙwabta da tsaro

Akwai kuskuren da takardar bayani ba ta ambata. Wanda ya hau bene da dogon bututu yana juya shi ta saman katangun mutane, ba wuya a zarge shi da leƙen gidajen matan aure. A halin tsaron da kudancin Katsina ke ciki kuma, bututu a kan ƙafafu uku cikin duhu yana iya kama da makami a idon 'yan sintiri. Kada a fita bayan gari ko gona da dare da sunan neman duhu. A tsaya a gida, a sanar da maƙwabta da mai unguwa, a ma gayyace su su leƙa.

Ilimin falaki ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da lissafi da falaki, manoma kuma sun daɗe suna lura da Kaza da 'ya'yanta wajen sanin lokutan shekara. Mai sabuwar na'ura ya fara da wata lokacin da yake rabi, inda duwatsunsa da ramukansa suka fi fitowa. Idan hannu ya saba da saiti a kansa na 'yan darare, sai a nufi Mushtari.