Zarton Lantarki: Yadda Za Mu Yi Aiki da Shi Mu Tsira da Yatsunmu

'Yan'uwa manoma, idan an gama girbi rani ya shigo, da yawa cikinmu sukan koma aikin katako a gida. Wani yana haɗa akurkin kaji, wani akwatin ƙudan zuma, wani kuwa bencin majami'a. Yanzu ƙungiyoyinmu sun fara haɗa kuɗi suna sayen zarton lantarki na hannu, irin mai faifai. Abu ne mai kyau, gama falankin da kan ci wa mutum rabin yini da zarton hannu, wannan zai yanke shi kafin a gama gaisuwa. Amma hannun da ke riƙe zarto da rani, shi ne zai riƙe fartanya da damina. Saboda haka bari mu san halin wannan na'ura.

Irin gudun da yake yi

Faifan da aka fi samu faɗinsa milimita 185 ne, wato inci 7 da kwata. Yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya. Wannan ya fi sau 80 a daƙiƙa guda. Idan faifan yana da haƙora 24, kusan haƙori 2,000 ke wucewa ta wuri ɗaya kowace daƙiƙa. Ba mutumin da zai iya janye hannunsa da sauri haka. Kafin ka ji zafi, aikin ya riga ya gama. Don haka zafin nama ba ya ceton kowa a nan. Shirin da ka yi kafin ka taɓa makunni shi ne zai cece ka.

Zarto yana harbi

Kowane manomi ya san ba a tsayawa bayan jaki. Zarton lantarki ma yana harbi, kuma wannan shi ne babban haɗarinsa. Ga yadda abin yake faruwa. Faifan yana buɗe wa kansa siririyar hanya cikin katako. Idan hanyar nan ta rufe ta matse faifan, haƙoran baya sai su kama katakon su hau sama. Nan take zarton zai yi tsalle ya komo baya, wajen cinya ko cikin mai yanka, ko kan hannun da ke dafe da katakon.

Me ke sa hanyar ta rufe? Mafi yawa, yadda aka ɗora katakon ne. Idan ka ɗora falanki a kan benci biyu, ka yanka a tsakaninsu, tsakiyar za ta lotsa ƙasa, gefe biyu su danne faifan. Kada ka yi haka. Ka ɗora falankin yadda gefen da za ka ajiye ya zauna daram a kan benci, guntun da za ka cire kuwa yana waje, ya faɗi ƙasa da kansa. Idan katako mai faɗi ne, ka shimfiɗa sanduna a ƙarƙashinsa, kusa da layin yanka ta kowane gefe.

Ɗanyen katako ma yana matse faifai, haka kuma wanda ya karkace. Faifan da ya dakushe, da tsohuwar ƙusa da ta ɓuya cikin katako, da ƙoƙarin karkata zarto a tsakiyar yanka, duk suna jawo harbi. Idan ka ji zarton ya cije, ka saki makunni, ka riƙe shi a wurin har faifan ya tsaya cik, sa'an nan ka fitar da shi. Kada ka ja shi baya yana juyawa.

Kafin ka kunna

1. Cire waya daga soket kafin ka canja faifai ko ka gyara zurfinsa.
2. Daidaita zurfi yadda haƙoran za su leƙo ƙarƙashin katako kaɗan kawai, kamar milimita 5. Faifan da ya fito da yawa ya fi saurin harbi.
3. Gwada murfin faifai. Ya kamata ya koma ya rufe haƙora da kansa. Waɗansu sukan ɗaure shi da waya wai yana hana su ganin layi. Ranar da suka ajiye zarton a ƙasa faifai bai tsaya ba, sai ya yi gudu ya bi ta kan ƙafa.
4. Matse katakon da ƙarfen matsi a jikin benci. Kada ka dafe shi da gwiwa, kada kuma ka sa yaro ya riƙe maka.
5. Tuɓe babbar riga. Naɗe hannun taguwa. Kada ka sa safar hannu, gama haƙori yakan kama ta ya ja hannun ciki. Sa takalmi rufaffe.

Lokacin yanka

Riƙe zarton da hannu biyu. Tsaya a gefe ɗaya, kada jikinka ya zama daidai bayan faifan. Bari faifan ya kai cikakken gudunsa kafin ya taɓa katako, sa'an nan ka tura a hankali. Ka jefa wayar ta bayanka. Kada ka miƙa hannu ƙarƙashin katako. Idan ka gaji, ko ka sha abin sha, ko duhu ya fara, bar aikin sai gobe. Sauri kan haifi nawa.

Sa tabarau na aiki, ka toshe kunnuwanka, gama ƙarar zarto tana rage ji a hankali, ba ya kuwa dawowa. Rufe hanci, ka yi aiki inda iska ke shiga. A shekarar 1995 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Batun wuta

Irin wannan zarto yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800, lokacin tashi ma ya fi haka. Ƙaramin janareta na kunna fitila ba zai ɗauke shi ba. Kada a cusa tsirarar waya cikin soket, kada a yi aiki a jiƙaƙƙen wuri. Idan an ɗauke wuta kana cikin yanka, ka cire wayar nan da nan, don kada wuta ta dawo faifai yana cikin katako.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a daina. Kada a ɗaura faifan zarto a kan injin goge ƙarfe na masu walda. Ƙaramin injin nan yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba shi kuma da gindin da zai zauna a kan katako. Idan ya yi harbi, ba mai iya riƙe shi.

Idan tsautsayi ya auku

Kashe wuta. Danne raunin sosai da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. Idan yatsa ya fita, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, a kuma tambayi allurar tetanus.

Abin da ƙungiya za ta yi

A taronku na gaba, ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙa ajiye zarton a kulle, nesa da yara. Kada a ba kowa aro sai wanda kafinta ya koya masa, aka kuma ga ya yanka a gaban mutane. Ku ware kuɗi kaɗan domin sabon faifai, da tabarau, da akwatin taimakon gaggawa. Allah ne ya ba mu hannuwan nan domin mu ciyar da iyali, mu kuma taimaki maƙwabta. Bari mu lura da su. Ubangiji ya kiyaye mu, ya kai mu damina lafiya.