An Ci Wasa, Amma Ana Ta Mita

Duk daren da manyan ƙungiyoyin Turai ke taka leda, gidajen kallon ƙwallo na Yelwan Yauri kan cika tun kafin a take. Haka abin yake a Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, duk inda wani ya iya haɗa satalayit da talabijin biyu da janareto. Janareton kam dole ne, ko da yake madatsar da aka kammala a 1968 don ba ƙasa wuta tana kan ruwan da mutanen yankin ke kamun kifi a ciki. Wannan wani zance ne daban. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne bayan an tashi. Ƙungiya ta ci biyu da nema, tana saman teburi, amma magoya bayanta sun fito suna ta faɗa: koci bai iya canji ba, mai tsaron gida kwando ne, ɗan wasan gaba ya zubar da ƙwallo uku da ko yaro zai ci. Wanda aka lallasa tasa ƙungiyar ya hau babur ya tafi gida. Mai nasara ne zai zauna a teburin mai shayi har dare ya raba yana mita.

Mutanen Yauri ba su suka ƙirƙiro wannan hali ba. A 1998 Real Madrid ta doke Juventus ta ɗauki kofin Zakarun Turai, wanda rabonta da shi tun 1966, amma cikin 'yan kwanaki ta sallami kocin da ya ciyo shi, Jupp Heynckes. A watan Yuni na 2007 Fabio Capello ya kawo mata kofin La Liga bayan shekara huɗu ana nema, kafin watan ya ƙare shi ma an nuna masa ƙofa, wai wasansa ba ya ƙayatarwa. Cristiano Ronaldo, da ya zura mata ƙwallo 450, ya sha ihu da fito daga 'yan kallon filin Bernabeu ba sau ɗaya ba.

A gida ma labarin ke nan. Lokacin da kocin Super Eagles, Stephen Keshi, ya fitar da sunayen 'yan wasan da zai tafi da su gasar Afirka ta 2013, ya bar su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki mutum shida daga ƙungiyoyin cikin gida, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. An yi masa ca. Da aka yi kunnen doki da Burkina Faso, aka sake yi da Zambiya, sai surutun ya ƙaru. Ranar 10 ga Fabrairu, Sunday Mba, ɗaya daga cikin shidan nan da aka raina, ya ci ƙwallon da ta ba Nijeriya kofinta na farko cikin shekara 19. Washegari Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda takun-saƙa da jami'an hukumar ƙwallo, sai da ministan wasanni ya sa baki ya janye.

To me ke kawo haka? Masu binciken ƙwaƙwalwa suna da amsa, kuma daga birai suka fara samo ta. A shekarun 1990, Wolfram Schultz, da ke aiki a Jami'ar Fribourg ta Suwizalan, ya riƙa auna wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin yayin da ake ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki. In ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin sai su zabura. Da aka saba wa birin cewa duk sanda wata alama ta bayyana ruwa na tafe, sai zaburar ta koma kan alamar, ruwan kansa ya zo ya wuce ba wani motsi. In kuwa an nuna alamar aka hana ruwan, aikin ƙwayoyin sai ya yi ƙasa da yadda yake kullum. Ashe ba daɗin ƙwaƙwalwa ke lissafawa ba, tazarar da ke tsakanin abin da aka sa rai da abin da ya samu take aunawa.

Wannan ya isa ya bayyana rabin mitar da ake ji a teburin mai shayi. Mai goyon bayan babbar ƙungiya ya riga ya ci wasan a zuciyarsa tun da ya ga jadawali. Idan aka tashi ɗaya da nema da ƙaramar ƙungiya, maki uku sun shiga, amma shi ƙwallo huɗu ya sa rai, don haka gibin uku yake gani. Tsofaffin masunta na tafkin za su gane wannan lissafi: a shekarun farko bayan ruwa ya cika, kifi ya yi yawa ƙwarai kafin ya ja baya, kuma wanda ya ga wancan zamani, kwalekwalen da zai sa jikansa murna yau shi ba zai ce masa komai ba.

Ɗaya rabin kuma daga Daniel Kahneman da Amos Tversky ya fito. A 1979 suka nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa nauyi a zuciyar ɗan'adam, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun kai nauyin kusan ninki biyu. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba Kahneman kyautar Nobel a 2002. A 2018 wasu masana tattalin arziki na Jami'ar Sussex a Ingila, Peter Dolton da George MacKerron, sun gwada batun a kan 'yan kallon ƙwallo, ta hanyar wata manhajar waya da ke tambayar mutane halin da ransu ke ciki daga sifili zuwa ɗari. Awa guda bayan nasara, farin cikin magoyin baya kan hau da maki 3.9. Bayan shan kashi yakan faɗi da maki 7.8, kuma ɓacin ran ya fi daɗewa. Ke nan ƙungiyar da ta ci wasa biyu ta faɗi ɗaya, a littafin zuciyar mai binta canjaras aka yi. A cikin wasa guda ma haka ne: ƙwallon da aka zubar ta fi wadda aka ci tsayawa a rai.

Kano Pillars, wadda ba ta rasa mabiya a duk inda ake jin Hausa, ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasannin gasar, har zuwa watan Agusta na 2015 da Nasarawa United ta ci ta biyu da ɗaya. Tarihi ne mai kyau, amma kaya ne. Mutanen da suka saba shiga filin Sani Abacha suna kirarin "Sai Masu Gida" sun kai matsayin da kunnen doki ma abin kunya ne a wurinsu. Da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022 ta dawo a 2023, an yi murnar da cin wasa a zamanin kofuna bai taɓa jawowa ba.

Amurkawa suna da nasu, a wasan ƙwallon sanda da suke kira besbol. Can kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka, kusan kullum, saboda haka ko gwanar gwanaye sai an doke ta wajen sau sittin. Mai neman abin ƙorafi ba zai kwana biyu bai samu ba. New York Yankees ta ɗauki babban kofin sau 27, fiye da kowa, kuma tun 1993 ba ta yi kakar da faɗuwarta ta fi cinta yawa ba. Sai dai rabonta da kofin tun 2009, kuma da wannan kaɗai mabiyanta ke auna ta. A 2022 ta ci wasa 99, tauraronta Aaron Judge ya buga ƙwallo ta fice fili sau 62, abin da ba a taɓa yi ba a rukuninsu. Kwanaki kaɗan bayan haka, a wasannin sili-ɗaya-ƙwale, ya yi ta kuskuren bugu, 'yan gida suka yi masa ihu.

Akwai kuma abin da birai ba za su nuna ba, wanda sai an zauna kan bencin gidan kallo za a gan shi. Ɗan Arsenal da ɗan Chelsea da ɗan Manchester United kafaɗa da kafaɗa suke, gobe kuma za su haɗu a kasuwar albasa ko bakin tashar jirgin ruwa, kuma duk wanda aka doke zai sha tsiya har mako ya zagayo. Wanda ya fara kushe ƙungiyarsa tun tana kan ci, garkuwa yake yi wa kansa. Ranar da abin ya ɓaci zai ce, "Ai na gaya muku, wannan kocin ba zai kai mu ko'ina ba," kuma mai zolaya ya rasa ta inda zai kama shi. Robert Cialdini da abokan aikinsa sun lura da makamancin haka a 1976 a jami'o'i bakwai na Amurka: ɗalibai sun fi sa rigar makarantarsu ranar Litinin idan ƙungiyarta ta ci, sun fi cewa "mun ci", in an doke ta kuwa sai ta zama "an ci su". Mai mita ya gano dabarar riƙe duka biyun.

Kuma mita hujja ce ta mallaka. Matashin da ke Ngaski ba shi da kujera a filin Emirates na Arsenal, ba shi da ƙuri'a a zaɓen shugaban Barcelona. Abin da ya zuba shi ne kuɗin shiga gidan kallo, da barcinsa, da shekarun da ya yi yana bi. Hakkin da ya saya da su shi ne na faɗin albarkacin bakinsa, kuma yabo ba ya nuna sani. Kowa zai iya cewa an yi ƙoƙari. Wanda ya ce matsalar tana tsakanin ɗan baya na hagu da ɗan tsakiya, shi majalisa ke juyowa ta saurara. Cacar ƙwallo ta waya, duk da wa'azin malamai a kanta, ta ƙara wani sabon nau'i: wanda ya sa kuɗi cewa za a ci uku, aka ci ɗaya, ƙungiyarsa ta yi nasara shi ya yi asara.

Bai kamata a ɗauka duk ƙorafin nan shirme ba ne. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallo da yawa ba, don haka sa'a tana da babban rabo, kuma ƙungiya na iya jera nasarori alhali ta fara ruɓewa daga ciki. Mai kallon kowane wasa yakan hango haka kafin teburi ya nuna. Ernesto Valverde ya ba Barcelona kofin La Liga a 2018 da 2019, amma magoya baya ba su yafe masa daren Roma da daren Liverpool a gasar Zakarun Turai ba, inda aka shiga wasa na biyu da ratar ƙwallo uku aka fito ba komai. An kore shi a Janairun 2020 ƙungiyar na saman teburi. Masu mita sun yi gaskiya cewa akwai ciwo. Maganin da suka nema ne bai yi ba: a kakar aka rasa kofin La Liga, a watan Agusta kuma Bayern Munich ta zura mata takwas da biyu.

Inda abin ke munana shi ne sanda mitar ta bar majalisa ta nufi mutum ɗaya. A gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa farkon 2024, Super Eagles ta José Peseiro ta isa wasan ƙarshe ƙwallo biyu kacal aka zura mata a wasa shida, amma duk tsawon gasar ana ƙorafin cewa tsaron gida ya yi yawa. Da masu masauki suka ci biyu da ɗaya ranar 11 ga Fabrairu, zagin ya sauka a kan Alex Iwobi, har ya goge hotunansa a Instagram. Kyaftin Ahmed Musa ne ya fito yana roƙon mutane su bar shi haka nan. Peseiro, wanda ya kai Nijeriya wasan ƙarshe karon farko tun na Keshi, ya tafi da kwantiraginsa ya ƙare bayan makonni kaɗan.