Gyaran Ƙasa Bayan Aikin Zinariya

Yau maganarmu a kan ƙasa ce, ƙasar tsakar gida wadda yaro ke rarrafe a kanta.

Cikin shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Sai yaro ya kama amai, ya shiga jijjiga, ya cika. Aka rasa yara wajen 400. Da likitocin MSF suka sa aka auna jini, sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen zinariyar wurin gauraye yake da dalma. Akan kawo shi cikin gari, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke a kududdufi. Ƙura ta sauka bisa daɓe, yaro ya sa hannu a baka.

To, ku lura. Dalma ba ta ruɓewa, damina ba ta kashe ta. In an ba yaro magani ya koma gida mai guba, an yi aikin banza. Saboda haka gyaran ƙasa shi ne gaba, magani na biye.

Ga yadda ake yi. Da fari a fitar da niƙa bayan gari. Sa'an nan ma'aikata su auna ƙasar kowane gida da na'ura. Inda aka sami guba, a kankare saman ƙasa misalin santimita 5 da fartanya, a zuba a buhu, a kai rami nesa da rijiya, a binne. A ɗauko sabuwar ƙasa wadda aka auna, a shimfiɗa. A share ɗakuna, a wanke. Haka aka yi wa ƙauyuka 7 a 2010 da 2011. Bagega kuwa sai 2013, don kuɗin aikin sun yi jinkiri, yaranta suna ta jira. A 2015 masifar ta sake ɓulla a Shikira, Jihar Neja.

Mu mutanen cikin birnin Kano kada mu ce abin ya yi mana nisa. In naka ya tafi ci-rani wajen haƙa, kada ya shigo da dutse ko buhunan aiki cikin gida. Ya yi wanka, ya sake tufafi kafin ya ɗauki yaro. Turmi ko injin da ya taɓa dutsen, kada ya ƙara taɓa hatsi. Ku wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.