Darasin Waƙa a Firamaren Wurno, Rabah da Goronyo: Murya da Tafi Sun Isa a Fara

A manhajar firamare ta Nijeriya akwai darasin da malamai ke kira CCA, wato al'adu da fasahar ƙirƙira. A cikinsa hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta haɗa zane da wasan kwaikwayo da rawa da kiɗa da waƙa, tun da ta fito da manhajar ilimin tushe ta shekara tara a 2007. A takarda ke nan, yaron Wurno ko Rabah ko Goronyo yana da haƙƙin a koya masa waƙa kamar yadda ake koya masa lissafi. Abin da ake gani a aji kuwa daban ne. Galibi malam zai rubuta ma'anar kiɗa da Turanci a allo, ya jero sunayen kayan kiɗan da shi kansa bai taɓa riƙewa ba, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. An gama darasin waƙa, ba wanda ya buɗe baki. Inda malamai suka yi ƙaranci kuwa, shi ne darasin da ake fara jinginewa.

Uzurin da ake bayarwa sananne ne: babu kayan kiɗa, babu malamin da ya karanci fannin. Gaskiya ne, babu su. Amma a duba yaran da ke zaune shiru a kan bencin. Da dare idan akwai farin wata, 'yan matan nan su ne a dandali suna gaɗa. Sun yi da'ira, ɗaya tana bayar da waƙa saura suna amshi, tafi biyu na sarƙe da juna, ta tsakiya ta saki jiki ta faɗo baya a cafe ta daidai kan bugu. Mazan kuma da azumi ya kai goma suna tashe gida-gida. Sun san kari, sun san amshi, sun san inda ake shiga da inda ake numfasawa. Makaranta ce kawai ba ta tambaye su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan yanki ba baƙo ba ne ga koyarwa da waƙa. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa wa jaji malfa, jaji ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma gida da shi a ka. Yawancin matan ba su iya karatun takarda ba, saboda haka Asma'u ta zuba musu tauhidi da tarihi da ladubba cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin. A zamanin boko ma, Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa, garuruwa da koguna da abin da kowane yanki ke nomawa. Kwalejin horar da malamai ta jihar, a Sakkwato, sunansa take ɗauke da shi.

Ba don nishaɗi kawai suka zaɓi waƙa ba. Kari da amsa-amo suna taƙaita kalmomin da za su iya biyo baya, don haka idan yaro ya manta, waƙar da kanta take maido da shi kan hanya. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi karatu kai tsaye. Waƙar Hausa an gina ta ne a kan gaɓoɓi masu nauyi da masu sauƙi, alhali rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Yaron da zai koyi karatu sai kunnensa ya iya yanka magana gaɓa-gaɓa kafin idonsa ya gane su a takarda. Idan malama ta sa 'yan aji ɗaya su tafa sunayensu, Hadiza tafi uku, Bello tafi biyu, sannan su tafa baitin da suka riga suka iya, aikin da littafin karatu ke nema ne suke yi, kuma babu wanda ke gyangyaɗi.

Yau waƙar da aka tabbata ana koyarwa a kowace firamare ita ce taken ƙasa. Da aka koma tsohon take a watan Mayun 2024, malamai suka koyar da shi da baki a filin taron safe, ba tare da jiran kayan kiɗa ba. Da Turanci ne, yara da yawa ba su san abin da suke faɗa ba, duk da haka ya zauna. Ina ga waƙar da ke cikin harshensu?

Dole a yi maganar iyaye, domin damuwarsu ba ta banza ba ce. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, an kuma haɗa ta da roƙo. Uban da ya sha faman lallashi kafin ya saki ɗansa zuwa boko ba zai ji daɗi ba idan yaron ya dawo yana cewa yau ganga aka koya musu. Malaman addini ma sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa. A ganina bai kamata makaranta ta shiga wannan jayayya ba, kuma ba ta da buƙatar shiga. Iyayen nan su ne ke tura 'ya'yansu Islamiyya da yamma, inda ake rera karatu da waƙoƙin yabon Annabi, kowa yana jin daɗi. A fara daga nan: murya, amshi, tafi, da kalmomin da uwa ba za ta ji kunya ba idan an rera su a tsakar gida.

A manyan azuzuwa sai a kawo tarihi. Yaron aji biyar ya cancanci ya san bambancin kotso da taushi da kalangu, ya san Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso suka shahara, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, Ɗan'anace kuma ya yi wa 'yan dambe irin su Shago waƙa da kalangu. Ɗan manomin albasa ko tafarnuwa a fadamar Rima ya san dalilin da ya sa ake kai gangar noma wurin gayya, yadda take daidaita saran fartanya ta hana gajiya cin rai. Sanin wannan ba zai mai da shi maroƙi ba, sai dai ya san ƙasarsu.

Akwai kuma yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Tun harin Tabanni na Yulin 2018, da ya kora mutane zuwa Gandi, ƙauyukan gabashin Sakkwato ba su huta da 'yan bindiga ba. Yaron da ya baro ƙauyensu a guje yakan yi shiru a sabon aji. Amshi ba ya tilasta masa tsayawa shi kaɗai a gaban allo; yana iya sa muryarsa cikin ta jama'a har ya saba.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE a ranar 30 ga Satumba, 1999, don haka ba laifi idan jihar ta riga saura gyara wannan darasi. Abin da ake buƙata daga hukumar ilimin bai ɗaya ta jihar, SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin uku bai taka kara ya karya ba. A tattara waƙoƙin gaɗa da na raino da na daɓe daga bakin tsofaffin mata, tare da masu nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tace su, a buga ɗan littafi. A sa rerawa a cikin bitar da ake yi wa malamai lokacin hutu, domin malamin da ke jin nauyin ɗaga murya ba zai sa yara su ɗaga ba. Kwamitin iyaye da limamin gari su ga littafin kafin ya shiga aji. Mai duba makarantu kuma idan ya zo, ya ajiye littattafan kwafi, ya ce yara su tashi su rera masa abin da aka koya musu a zangon.