Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce

Wanda ya yi firamare a Anka, Gummi ko Bukkuyum a shekarun baya ba zai manta da layin safe ba. Malami na bin yara ɗaya bayan ɗaya, ya duba farce, ya ɗaga hula ya nemi makero, ya buɗa yatsu ko ƙazuwa ta kama. Abin yana da tushe: Ingila ta wajabta duba lafiyar ɗalibai a 1907, Dokta Isaac Oluwole ya fara irinsa a Legas a shekarun 1920, Nijeriya kuma ta fitar da tsarin kiwon lafiyar makarantu na ƙasa a 2006.

Sai dai cutar da ta fi damuna ba ta fitowa a layin safe. Tsargiya ce, a ruwa take. Mai ita ya yi fitsari a tafki ko bakin gulbi, ƙwayayen tsutsar cutar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe su shige dodon koɗi, can su yawaita, su fito su huda fatar yaron da ya shiga iyo. Tsutsar takan zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru tana ƙwai. Yaro ya ga jini a ƙarshen fitsari, manya su ce ai girma ne ya zo. Alhali jininsa ke ƙarewa, yana gyangyaɗi a aji, malami na ɗaukarsa malalaci.

Maganin kuwa, praziquantel, ba ya buƙatar likita. A tsayar da yaro jikin sandar awo, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, bayan ya ci abinci. Shi ya sa ake damƙa rabon ga malamai.

To, wanda ba ya aji fa? A Satumban 2021 an rufe makarantun Zamfara saboda satar ɗalibai, kuma har yau ƙauyuka da dama a yankin nan sun watse. Almajiri da yaro mai kiwo su suka fi kowa shiga tafki, sunansu kuwa ba ya cikin rajistar kowa. Ina ganin wajibi ne sandar awon nan ta isa zauren malamin allo da sansanin 'yan gudun hijira na Anka, a kuma sa alaramma cikin masu rabo.