Fankar Sama: Ina Ya Kamata Ta Juya a Bazara, Ina Kuma a Hunturu?

Da wuya a yau ka shiga gida, ko makaranta, ko asibiti, ko majami'a a garuruwanmu na Arewa ka ɗaga kai ba ka ga fanka tana rataye ba. Mun saba da ita har ba mu tambayar yadda take aiki. In zafi ya taso a murɗa ta zuwa lamba ta ƙarshe, in sanyi ya shigo a bar ta ƙura ta rufe. Amma tun da sababbin fankoki masu rimot suka shigo kasuwa, mutane sun soma jin cewa akwai gefen da fanka za ta juya lokacin zafi, akwai kuma na lokacin sanyi. Maganar gaskiya ce, sai dai tana bukatar bayani, gama ba a ƙasa irin tamu aka fara yin ta ba.

Abin da fanka ke yi

Wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Philip Diehl, ma'aikacin kamfanin keken ɗinki na Singer, shi ne ya ɗaura fukafukai a jikin ƙaramin injin lantarki a cikin shekarun 1880, ya rataye a sama. Tun daga lokacin har yau aikin fanka bai canja ba: iskar da ta tarar a ɗaki ita take turawa. Ba ta rage zafin ɗaki ko da digiri ɗaya. Injinta ma ɗan ɗumi yake ƙarawa.

To, daga ina sanyin da muke ji yake fitowa? Daga jikinmu ne. Iska mai motsi tana kwashe ɗumin da ke lulluɓe da fata, tana kuma busar da gumi da sauri, shi kuwa gumi in zai bushe da zafin jiki yake tafiya. Haka randar ƙasa take sanyaya ruwa, watau ta wurin raɓar da ke tsattsafowa a jikinta iska tana busarwa. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai zama ƙarƙashin fanka yakan ji daɗin ɗakin da ya fi zafi da kimanin digiri 2 a ma'aunin Salshiyas kamar ba a ƙara kome ba. Saboda haka wanda ya bar fanka tana juyi a ɗakin da babu kowa, wai don ɗakin ya huce kafin ya dawo, kuɗin wuta kawai yake ƙonawa. Fanka irin wadda muka saba, mai faɗin inci 56, tana cin wat 70 zuwa 80. Sababbi da ake haɗawa da sola suna cin kusan 30. Ga mai mitar kati ko batir, wannan lissafi ne na kullum.

Lokacin bazara

Fukafukan fanka a ɗan karkace suke, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Idan gefen da ya fi tudu ne a gaba sa'ad da take juyi, iska ƙasa za ta sauko. Wannan shi ne juyin bazara. A yawancin fankoki, in ka tsaya a ƙasa ka dubi sama, za ka ga tana tafiya saɓanin hannun agogo. Amma gani ya kori ji: tsaya daidai ƙarƙashinta, ka sa ta a lamba mafi ƙarfi. In iska ta bugi kanka da kafaɗunka, daidai take. In kuwa tana ta gudu kai ba ka jin kome sai ɗan motsi ta wajen bango, to, baya take juyawa.

Wannan yakan faru a gidajenmu fiye da yadda ake zato. Wani lokaci mai gyara ne ya sauya wayoyi sa'ad da yake canja kafasita ko bayan an sāke naɗin kwayil, wani lokaci kuwa fukafukan ne aka ɗaura a kife bayan an sauke su an wanke. Sai iyali su sha zafin Maris da Afrilu suna zagin fanka, har a yi shawarar sayen sabuwa, alhali gyaran bai wuce na minti goma ba. Wadda kuma take juyi daidai amma a sanyaye, sau da yawa kafasitarta ce ta gaji.

Tsawon da aka rataye ta shi ma yana da muhimmanci. Kada fukafukai su gaza ƙafa 7 daga ƙasa, domin kare kan mutane. Ƙafa 8 zuwa 9 ne ya fi ba da iska. A bar kamar inci 10 zuwa 12 tsakaninta da silin, da aƙalla inci 18 tsakaninta da bango. Dattawan ikkilisiya masu kula da gini su lura da wannan. Majami'u da yawa dogon rufin kwano ne da su, ba silin. Da rana zafi yakan taru a ƙarƙashin kwanon, fankar da aka maƙala can ƙololuwa kuwa wannan zafin take kwasowa ta zubo wa masu sujada. Maganinsa a sa mata doguwar sanda ta sauko, a kuma bar tagogin sama a buɗe domin iska mai zafi ta sami mafita.

Inda fanka take kasawa

A Sakkwato, Maiduguri, Yola da makamantansu, zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Jikin mutum kuwa kusan 37 yake, fatarsa ma ba ta kai haka ba. In iskar ɗaki ta fi jiki zafi sosai, fanka zafi take ɗora wa mutum, kamar mai fifita wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi amfani da fanka sa'ad da zafi bai kai digiri 40 ba. Tsofaffi sun fi shiga hatsari gama ba su yin gumi kamar matasa, haka jarirai da marasa lafiya da ba su iya cewa ƙishirwa ta dame su. A irin wannan rana a jiƙa tawul ko zane a shafe musu jiki, a ba su ruwa a kai a kai, a rufe taga ta gefen rana da labule. Jikin da ke da danshi shi fanka ke yi wa amfani. Da dare ya yi, waje ya fi ciki sanyi, sai a buɗe tagogi masu raga. Fanka ba ta kawo sabuwar iska, kuma cunkoso a rufaffen ɗaki a watannin rani yana cikin abubuwan da ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa.

Lokacin hunturu

Shawarar juya fanka baya daga Amurka da sauran ƙasashen ƙanƙara ta fito. Can gidaje a like suke, ana kuma ɗumama su da na'ura wata da watanni. Da yake iska mai ɗumi sama take tashi, sai ta taru a silin, ƙafafun mutane kuwa suna cikin sanyi. In aka sa fanka ta bi hannun agogo a lamba mafi ƙanƙanta, takan ja iskar ƙasa ta kai sama, ta kora mai ɗumin ta gangaro ta jikin bango, ba tare da ta busa kowa ba. Shi ya sa fankokinsu suke da ɗan makunni a jikin injin, ko maɓalli a rimot.

Mu namu ya bambanta ta hanya biyu. Na farko, yawancin fankokin ƙarfe masu fukafukai uku da ke kasuwanninmu gefe ɗaya aka yi su su juya, ba su da wannan makunni. Bai kamata a biya mai gyara ya sauya wayoyi duk Disamba ya kuma mayar a Maris ba. Na biyu, kuma mafi girma, sai akwai ɗumi a sama fanka za ta sauko da shi. A Jos, Pankshin ko tsaunin Mambila, inda daren hunturu kan sauka kusa da digiri 10, kwanon rufi shi ne ya fi kome sanyi da asuba. Babu abin da za a sauko da shi. A irin wannan ɗaki abin yi shi ne a kashe fanka, a toshe kafofin da iska ke shigowa, a ƙara bargo.

Wanda fankarsa ke da makunnin, kuma yana da hita ta lantarki a ɗaki mai silin, shi ne zai ci moriyar juyin baya. Haka ma babban zaure da ya cika da jama'a, kamar daren shiga sabuwar shekara. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da ɗumi kusan wat 100, watau mutum 300 sun kai wat 30,000, dukansa kuwa sama yake tafiya. A nan juyin baya a hankali zai gauraya iskar ba tare da ya sa tsofaffi rawar ɗari ba. Sai dai a kashe ta tukuna, a jira ta tsaya cik, kafin a taɓa makunnin.

Gargaɗi ɗaya ya zama dole. Kada wani ya ce tun da fanka tana rarraba ɗumi, bari ya shigo da kaskon gawayi ya kulle ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum yana cikin barci. Irinta ce janareto ke fitarwa. Fanka, ko gaba take juyi ko baya, zagaya gubar kawai za ta yi da ita cikin ɗakin. A ji ɗumi a tsakar gida, a bar kaskon a waje.

Kafin zafi ya dawo

Ƙarshen hunturu, wajen watan Fabrairu, shi ne lokacin duba fanka. A kashe wuta daga babban makunni, a hau kan abin da ba zai goce ba, a goge ƙurar da ta kwanta a bayan fukafukai, gama ita ce take sa nauyi ya rinjaya gefe ɗaya har fanka ta riƙa lilo, ita ce kuma take zubo wa masu asma. A ɗaure kusoshi, a duba ƙugiyar da ke riƙe da ita. Mai makunnin juyi ya tuna ya mayar da shi. Sa'an nan a kunna, a tsaya a ƙarƙashinta a ji ko iska tana saukowa. Gidan da ke da tsoho ko jariri, da majami'ar da ke da fanka goma ko ashirin bisa kan jama'a, kada su jira sai Afrilu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.