Ƙullutun ruwa a ƙoda: me ake faɗa, mene ne gaskiya?

Tun da hoton eko ya yawaita a Maraɗi, mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji sukan komo gida da takarda mai hoto baƙi-baƙi, an rubuta «kyste» a ƙasansa, wato ƙullutun ruwa a ƙoda. Kafin mai takarda ya huce gajiyar mota, an riga an yanke masa hukunci. Wani ya ce daji ne, wani ya ce jifa ne, wani ya ce kul ya yarda a sa masa wuƙa. Bari mu tsefe maganganun ɗaya bayan ɗaya.

«Duk ƙullutu a ƙoda daji ne.» Ba gaskiya ba ne. Mafi yawansu jakar ruwa ce zalla mai siririyar fata, kuma suna zuwa ne da shekaru. Da yawa cikin waɗanda suka haura 50 suna ɗauke da ita ba su sani ba, sai an yi hoto don wata lalura a gan ta. A 1986 wani likitan hoto a Amurka, Morton Bosniak, ya kasa ƙullutan nan aji-aji, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki. Aji na 1 da na 2 ba sa bukatar tiyata. Akwai na tsakiya da ake sa wa ido da hoto lokaci-lokaci. A aji na 3 kusan rabi kan zama daji, a na 4 kuwa kusan tara cikin goma.

«Tunda ruwa ne, babu komai.» Rabin gaskiya ce, kuma nan ne ake yin sake. Akwai ƙari masu wuyar samu da ke zuwa da kamar ƙullutu. Idan aka tsaga su, cikinsu ɗaki-ɗaki ne kamar saƙar zuma. Wani irinsu ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru, wani kuma yara ƙanana, kuma duka biyun ba sa yaɗuwa. Akwai wanda aka daɗe ana kira daji, sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire masa wannan suna, domin an ga idan aka fitar da shi ba ya dawowa, ba ya bin jiki. Amma akwai daji na sosai wanda cikinsa ke ruɓewa ya tara ruwa, ya yi kama da su a hoto.

Shi ya sa eko ba ya gama magana. Idan ƙullutun yana da kaurin bango ko tsiro a ciki, sai a nemi hoton sikana. Hukuncin ƙarshe kuwa yana hannun likitan da ke yanka naman da aka cire siriri-siriri, ya rina shi, ya duba ƙwayoyinsa a madubin likita. Duk wanda aka yi wa aiki ya tabbata an aika naman gwaji, kuma ya koma ya karɓi sakamako. Da wannan takarda ake sanin ko magani ya ƙare ko da saura.

«Daji ba ya son ƙarfe.» Wannan magana ta ci mutane da yawa. Ga ƙarin ƙoda da bai fita daga mazauninsa ba, tiyata ita ce babban magani. Abin da ya sa ake ganin kamar wuƙa ce ta tayar da ciwon shi ne ana zuwa asibiti bayan ya riga ya bazu. Kuma babu saiwa ko jiƙon da aka tabbatar yana narkar da ƙullutu. Wasu ma ƙodar suke ƙara wa nauyi.

«Kumburin cikin yaro saifa ce.» Sau da yawa haka ne, a ƙasar da zazzaɓin sauro ya yi katutu. Amma idan uwa na yi wa ɗanta ɗan ƙasa da shekara 5 wanka ta ji wani abu mai tauri a gefen ciki, kada a kai shi wurin wanzami a yi tsaga. Yana iya zama ƙarin Wilms, dajin ƙodar yara. Inda ake kama shi da wuri, kusan yara tara cikin goma suna warkewa. Daga asibitin gunduma ana tura yaro Maraɗi, daga can kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai.

«Mai ƙoda ɗaya rabin mutum ne.» A'a. Ƙoda ɗaya lafiyayya ta isa mutum ya yi noma, ya yi aure, ya haihu.

«Ana gadonsa.» Gaskiya ne ga iri guda, wanda ƙullutai masu yawa ke cika ƙodojin biyu. Kowane ɗan mai shi yana tsakanin gado da tsira, rabi da rabi. Irin wannan gida ya riƙa awon hawan jini. Ƙullutu guda na tsufa ba gado ba ne.

Sai fitsarin jini. Ga yaron da ke wanka a tapki ko a Gulbin Maraɗi, tsargiya ce aka fara zato, kuma tana da magani. Ga dattijo kuwa, ko sau ɗaya ya gani, ko ba zafi, ya je a duba shi.

Wanda aka ba takardar eko ya yi wa likita tambaya uku kafin ya fito: wane aji ne ƙullutun, yaushe zan dawo a sake hoto, kuma idan an cire, ina za a kai naman gwaji.